Na Faɗi Abin da Ba a Faɗa a Filin Mahaifina

Ku da kuke ta turo min saƙo tun da bidiyon nan ya bazu, kuna cewa "Odile ki nemi gafara, uba uba ne," na gode, amma ku adana nasiharku, za ta yi muku rana a wani wurin. Wata ma cewa ta yi wai baƙin ciki nake yi da ɗaukakar mahaifina. Baiwar Allah, kin san mahaifina? Kin taɓa cin abinci a teburinsa? Daƙiƙa ashirin kika gani na wata mai rawayar riga tana ihu a filin wasa, shi ke nan kin yanke hukunci. To gyara zama ki ji sauran, in na gama sai ki zage ni da hujja.

Sunan mahaifina Wilfred Babin, amma ko Mama Koci take ce masa. Shekara talatin da huɗu yana horar da 'yan besbol na Kwalejin Belle Rive, nan garinmu a kudancin Louisiana. Wasan nan ne na Amurkawa, ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗan adawa ya doka da sanda ya ruga. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya karɓi filin nan yana makiyayar shanu a bakin gonar rake. Shi ya riƙa yanke ciyawa, shi ya ja farin layi, shi ya tuƙa motar 'yan wasa shekara goma. Yaran da ya ciro daga gidajen da ko tukunya ba a ɗorawa kullum, ya sa suka yi karatu, ba su ƙirguwa. Duk na sani. Amma ranar da aka haife ni yana Texas a wurin wasa, kuma har gobe in an zo zancen ranar haihuwata cewa yake, "Af, ranar da muka ci bakwai da biyu."

Bana ce shekararsa ta ƙarshe. Ran Juma'a ya samu nasararsa ta ɗari tara da casa'in da tara, ran Asabar aka lallasa su. Saura wasa ɗaya tak, ran Lahadi. Ko ya cika dubu, ko ya tafi da tara uku har kabarinsa.

Wanda ya ci masa wasan Juma'a ƙanena ne, Remy, mai jifa, ɗan shekara ashirin da ɗaya. Jifa ɗari da goma sha biyu ya yi ran nan. Hannun mai jifa ba ƙarfe ba ne, wanda ya yi irin wannan aikin sai ya huta kwana shida. Kuma masu zaɓen 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi sun sa masa ido, wata biyu ya rage a kira sunansa. Duk rayuwar yaron nan tana rataye a wata 'yar jijiya a gwiwar hannunsa na dama. Na san jijiyar sarai, don ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, hannayen da suka lalace su ne abincina.

Ran Asabar da yamma muna tebur, Mama ta zubo miyar gumbo ta kaza a kan shinkafa. Ina kallo Remy ya miƙa hannun dama zai ɗauki tulun shayin sanyi, ya fasa, ya ɗauka da hagu. Ya ɗauka ban gani ba.

Kusa da ni Lamar Doucet ne, mataimakin Daddy mai kula da masu jifa, saurayina na shekara uku. Dogo, baƙi, mai sanyin murya, irin mutumin da in ya yi miki murmushi sai ki manta abin da kika zo faɗa a kai. A gwiwar hannunsa na dama, ta ciki, akwai tabon ɗinki kamar shanshani. Shekara takwas da suka wuce shi ma mai jifan Daddy ne, aka sa shi jifa sau uku cikin kwana biyar, jijiyar ta tsinke, wasansa ya ƙare. Kun san abin da yake cewa in na taɓa tabon? "Koci ne ya mayar da ni mutum." Tabɗi.

Daddy ya goge baki ya ce, "Gobe Remy ne zai hau tudun jifa."

Cokalina ya faɗi cikin kwano. "Wane Remyn?"

"Guda nawa gare mu?"

"Daddy, jiya fa ya yi jifa ɗari da sha biyu."

"Na iya ƙirge, 'yan mata. A zamaninmu mutum yakan yi wasa biyu rana ɗaya, ya koma gona ya sari rake."

"A zamaninku kuma mutum nawa ne yanzu ke iya taje kansa da hannun dama?"

Mama ta zungure ni ta ƙarƙashin tebur. "Odile, a tebur muke."

"Remy, ɗaga tulun nan da dama in gani."

Ya yi dariyar yaƙe. "Ke dai Yaya kin cika tsegumi. Lafiyata ƙalau. Ni na ce a ba ni ƙwallon."

"Kai ka ce, ko kallonka aka yi har ka ce?"

Daddy ya ajiye kofi a hankali. Ba ya ɗaga murya, bai taɓa buƙata ba. "A asibitinki ke ce mai magana. A filina ni ne. Lamar, yaya ka ga hannun yaron?"

Na juya na zuba wa Lamar ido. Ga shi ga tabonsa. Jama'a, sai mutumin nan ya sunkuyar da kai yana juya shinkafa kamar ya yar da allura a ciki.

"Yana da ƙarfi, Koci. In dai za a kula da adadin..."

"Kin ji." Daddy ya miƙe, ya dubi Mama. "Celestine, abinci ya yi daɗi."

Na bi Lamar har mota, ko takalmi ban sa ba.

"Yana da ƙarfi, Koci," na kwaikwaye shi. "Ba ka ji kunya ba? Kai fa ka fi kowa sanin ƙarar da jijiyar nan take yi in ta tsinke."

"Odi, yi a hankali, tagar a buɗe take."

"Ta buɗu! Tsoron me kake? Kujerar kocin da ya ce zai bar maka?"

"Ba kujera ba ce." Ya kama hannuna. "Mutumin nan shi ya zo har ƙofar kakata ya ɗauke ni, ba ni da ko takalmin wasa. Ta yaya zan dubi idonsa ana gobe zai cika dubu in ce masa a'a? Ji nan. Ni ke riƙe da maƙirgi." Ya ciro shi daga aljihu, ɗan ƙarfen nan da ake dannawa duk jifa ɗaya. "Sittin. Yana kai jifa sittin zan je in ce wa Koci a cire shi, ko da zai kore ni a gaban jama'a."

"Ka rantse."

"Na rantse da kabarin kakata."

Na yarda. Ku yi min dariya, na cancanta.

Da safe bayan an taso daga majami'a na tarar Mama ta shimfiɗa min riga a kan gado. Rawaya, mai gajeren hannu, da koriyar ɗamara, kalar ƙungiya ke nan. Gefe ga 'yan kunnen lu'ulu'u na kakarmu da ba a fito da su sai biki. Tun ran Alhamis ta ja ni aka gyara min farce, wai hannuna ya yi kama da na makaniki.

"Mama, wasa za mu ko ɗaurin aure?"

Ta hau gyaran labule tana murmushi. Mama ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar. "Ni ban ce komai ba. Amma dai Lamar ya zo ya ga babanki tun watan jiya. Babanki ya ce ya amince, sai dai a bari sai an cika dubu. Ana tashi daga wasa, a tsakiyar fili, gaban kowa. Don Allah ki yi kamar ba ki sani ba."

Kun ji fa. Har aurena an ɗaura shi a wutsiyar lissafin Daddy. Da za a yi ruwa a fasa wasan, ina ga sai in mutu ba aure.

Wayata ta yi ƙara. Lamar ne.

"Kin tashi lafiya, sarauniya?"

"Sittin," na rubuta.

"Sittin. Ki sa rawayar rigar."

"Ka sa ido a kan ƙanena."

Ya turo hoton zuciya. Na kife wayar.

Ƙarfe ɗaya na rana fili ya cika maƙil. Tsofaffin 'yan wasan Daddy sun zo daga ko'ina da tumbinsu da 'ya'yansu. A bayan rumfa ana dafa jatan lande da masara a manyan tukwane, yaji na shiga ido. An naɗe wani ƙaton ƙyalle mai ɗauke da 1000 a saman allon maki, jira kawai ake a saki igiya. Ni da Mama muna layi na biyu, dab da rumfar 'yan wasanmu. Na ciro takardar waƙoƙin majami'a daga jaka da biro, duk jifan da Remy ya yi in ja layi ɗaya.

Kuma wallahi yaron ya yi jifa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Mai sanda ya zo, ya kaɗa iska sau uku, ya koma. Wani ya zo ya taɓa ƙwallon da ƙyar, a cafe. Muka samu ci ɗaya a zagaye na uku cikin tara. Zagaye na huɗu ya wuce, aka shiga na biyar, babu ɗan adawa ko ɗaya da ya samu dukan da zai ba shi damar rugawa ko zuwa matakin farko.

A nan masifar ta fara.

Kun san camfinmu. In mai jifa ya kama hanyar gama wasa ba a doki ƙwallonsa ko sau ɗaya ba, ba a faɗa. Ba a ambata, ba a nuna allo da yatsa, ko mai sanarwa sai dai ya yi ta kewaye-kewaye. Ba a yi wa mai jifan magana, ba a zama kusa da shi, ba a ko haɗa ido da shi. Wanda ya furta, shi ya karya. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa yin irin wannan wasa a filin Daddy ba, sai yau, ranar dubu, kuma da hannun ɗansa.

Sai fili ya yi tsit. Mutum dubu biyu suna tauna masara a hankali kamar a gidan makoki. Remy na dawowa rumfa sai 'yan wasa su zame, su bar masa benci shi kaɗai a can ƙarshe, da tawul a kan hannu.

Layukana suka kai sittin a farkon zagaye na biyar. Na dubi Lamar. Yana tsaye a bakin rumfa, ya ba ni ƙeya.

Saba'in da biyar. Tamanin da takwas.

A zagaye na shida na ga abin da nake tsoro. Bayan kowane jifa Remy sai ya yarfa hannu, ya riƙa murza ƙaramin yatsansa da na kusa da shi a jikin wando. Yatsun sun fara mutuwa ke nan. Duk wanda ya yi wata ɗaya a aikina ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Na sauka na kama wayar shingen rumfa. "Lamar. Lamar!"

Ya matso, bai dube ni ba, yana magana ta gefen baki. "Odi, koma ki zauna."

"Casa'in da huɗu. Ina sittin ɗinka?"

"Kin ga dai abin da ke faruwa."

"Me ke faruwa? Faɗa min."

Ya zaro ido kamar na ce ya zagi uwarsa. "Rufa min asiri. Ba a cire mutum yana cikin... yana cikin wannan. Ba a taɓa yi ba. Garin nan zai cinye ni ɗanye."

"To je ka tambaye shi yatsunsa."

"Kin san ba a yi masa magana."

"Kabarin kakarka fa?"

Ya juya ya koma inda yake. Daddy kuwa yana zaune a kan bokitinsa da ya saba, ya harɗe hannu, yana tauna 'ya'yan furen sunflower yana tofar da ɓawon. Ya ji ni sarai. Ko gira bai ɗaga ba.

Na koma kujera. Mama ta riƙe carbinta ta raɗa min, "Ki bari, saura kaɗan. Allah na nan."

"Allah na nan, Mama, shi ya ba mu ido."

Zagaye na takwas. Layi ɗari da goma sha shida a takardata, har na shiga kan waƙar rufewa. Remy ya yi wani jifa, na ga fuskarsa ta yamutse, ya juya baya don kada a gani, ya durƙusa kamar yana gyara igiyar takalmi. Mutum dubu biyu sun gani. Tsofaffin masu jifa da ke zaune da tabonsu sun gani. Babu wanda ya ce uffan, don kada a karya sa'a. Ana kallo yaro zai ƙone, kowa na tsoron ɓata wa wuta rai.

Tura ta kai bango. Na cire takalmina mai tsini, na hau kan kujera da rawayar rigata da 'yan kunnen kakata, na haɗa hannu a baki.

"Remy Babin! Yau babu wanda ya doki ƙwallonka! Ko mutum ɗaya! Saura mutum biyar ka gama wasa ba duka! Kowa ya dubi allo, sifili ne!"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai kuma aka ɗauki "Haaa!" gaba ɗaya. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Yesu, Maryamu da Yusufu." Wani ya jefo min totuwar masara ta same ni a kafaɗa. Mama ta rufe fuska da jaka. Remy ya tsaya a kan tudu yana kallona, baki buɗe.

Kada ku tambaye ni ko na yarda da camfin. Ni dai na san hannu ne ya gaji. Amma jifa na gaba, mai sanda ya zabga wa ƙwallon duka, ta tafi can ta daki katanga.

Sai a lokacin Daddy ya tashi daga kan bokiti. Ya taka a hankali har tudu, ya miƙa tafin hannu, Remy ya sa masa ƙwallon. Ɗari da goma sha takwas. Wanda aka sa a madadinsa ɗan shekarar farko ne a kwaleji. Suka ci mu biyu da ɗaya. Ƙyallen nan yana nan a naɗe, ban san wanda zai hau ya sauke shi ba.

Daga kujerata zuwa mota na sha zagin da ban taɓa sha ba. "Mai baƙin baki!" "'Yar baƙin ciki!" Wani tsohon ɗan wasa da ya goya ni ina ƙarama ya tofar da yawu a gabana. Na bi ta tsakiyarsu da takalmi a hannu, ban sunkuyar da kai ba. Sai da na rufe ƙofar mota na yi kuka, shi ma na haushi ne.

Ƙarfe biyar na shiga gida. Kek ɗin da Mama ta sa aka yi yana tsakiyar tebur, kore da rawaya, da lamba ɗaya da sifili uku a tsaye a kai. Daddy na zaune gabansa da hularsa, bai ko cire kayan wasa ba. Remy na jingine da firiji, an naɗe masa hannu da ƙanƙara.

Daddy bai dube ni ba. "Celestine, ki gaya wa 'yarki, tun da aka haife ta ban taɓa neman komai a wurinta ba. Shiru kawai na nema, na rabin awa."

"Ina jinka, Daddy, ba sai an yi tafinta ba."

"Ki gaya mata ta bar min makullin gidana a kan tebur."

"Koci, haba..." in ji Mama.

Na juya wurin Remy, ko zai ce wani abu. Idonsa ja wur. "Mutum biyar, Yaya. Mutum biyar suka rage. Da har jikokina sai sun ba da labari. Wa ya aike ki?"

Wannan ta fi totuwar masara zafi. Na zare makulli daga zobensa, farcen da aka gyara min ya karye, na ajiye shi gefen kek ɗin. Ina buɗe ƙofar gaba sai ga Lamar a kan baranda. Ya yi wanka, ya sa farar riga, hannunsa ɗaya a aljihu.

"Odi, tsaya. Ba haka na so ya kasance ba, amma ba zan fasa ba. Ko an ci ko ba a ci ba, ko garin nan duk ya juya miki baya." Sai ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan tabarmar goge ƙafa, ya buɗe ɗan akwati. Zoben ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Shekara uku ina mafarkin wannan durƙuson.

"Ba ni maƙirgin," na ce.

"Me?"

"Yana ɗaya aljihun, ina ganin tudunsa. Ba ni."

Ya daɗe kafin ya ciro. Na juya shi na duba lambar. Sittin.

"Ɗari da sha takwas ya yi, Lamar."

Ya dubi maƙirgin a hannuna. "Da ya kai sittin... na daina dannawa. Na kasa kallon lambar tana wucewa."

Kun ji mijin da za a ba ni. Bai karya alkawari ba a ganinsa, ƙirgen kawai ya tsayar. Na buɗe baki zan faɗa masa maganar da ba za ta gyaru ba har abada, sai muka ji tartsatsin gilashi daga kicin.

Ta ƙofar da na bari a buɗe ina hango su. Remy ne ya manta ya ɗauki kofin ruwa da hannun dama, kofin ya zame ta tsakanin yatsunsa ya tarwatse a ƙasa. Yana tsaye yana kallon hannun, yana ƙoƙarin dunƙule shi, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa.

"Daddy," ya ce, da wata 'yar murya da rabona da jin ta tun yana ɗan shekara shida. "Ba na jin su."

Daddy ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya cire hula. Ya dubi hannun, ya dubi kek, ya dubi Lamar da ke durƙushe a ƙofa da tabonsa a waje. Mutumin da bai taɓa neman shawarar kowa a kan hannun mai jifa ba, sai ga shi ya juyo wurina.

"Odile," ya ce. "Zo ki duba min yaron nan. Don Allah."

Na ajiye wa Lamar maƙirginsa a cikin akwatin, a kan zoben, na rufe murfin da ya ƙi rufuwa. Na bar shi nan a durƙushe, na tsallake fasassun gilashi da ƙafata ba takalmi, na kama hannun ƙanena na fara kwance ƙanƙarar.